Filin da Na Sayar a Kan Hanyar Ruwa

Kafin a fara kirana ɗan damfara, ni mai jan igiyar awo ne a sashen filaye na wata ƙaramar hukuma tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Ba zan faɗi wacce ba, don laifin nawa ne. Aikina in bi mai awo cikin gonaki, in riƙe bakin igiya, in kafa turke inda ya nuna. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma ina shiga kasuwa kaina a ɗage.

A shekarun da mutanen ƙauyuka suka riƙa gudowa saboda ɓarayin daji, gari ya cika har ya fara cin gonakin masara. Hukuma ta yanka wata babbar gona a bayan gari ta zama unguwa. A taswira an ware hanyoyi da filin makaranta, an kuma bar wani dogon ziri a tsakiya don gina magudana, saboda nan ruwan tudu ke bi ya gangara rafi. Mutane suka saya suka gina, magudana kuwa shiru. Kullum sai a ce kuɗin aikin bai zo ba, a jira kasafin baɗi. Shekara uku zirin nan na kwance, ni kuma kullum ina wuce shi ina haɗiyar yawu.

Da ƙarami na fara. Wani ya ba ni na goro in matsa masa turke taku biyu cikin hanya. Na matsa, ban ga an mutu ba. Daga nan sai taku biyar, sai na sa aka sassaƙa mini hatimi irin na ofis, na koyi sa hannun maigidana har na fi shi iyawa. Da rani ya yi, zirin ya bushe ƙayau, sai na yanka shi gida-gida na fara neman masu saye.

A nan na haɗu da Malam Isuhu, manomi ne da aka kora daga ƙauyensu, yana raɓe da iyalinsa a wani kango. Shanun huɗarsa biyu kaɗai ya tsira da su, ya sayar don ya samu matsuguni. Na san manomi ba ya sayen ƙasa sai ya taɓa ta, shi ya sa kwana biyu kafin in kai shi na sa tifa ta zuba jar ƙasa a wurin aka baje. Duk da haka ya tsuguna, ya tona da yatsa, ya murza, ya sansana.

"Malam, ƙarƙashin nan laka ce. Ruwa ba ya kwanciya nan?"

Na rantse masa da Allah cewa ko ɗigo ba ya tsayawa. Na nuna masa takarda da hatimi. Ya ce tunda na ambaci Allah, kuma hukuma ta sa hannu, shi ke nan. Ya fi ni sanin ƙasa, amma ya bar saninsa ya kama rantsuwata. Wannan har yau shi ke cin raina.

Sauran da suka saya masu ajiye fili ne, ba su yi gini ba. Shi kuwa ya buga tubalin ƙasa da hannunsa, ya tayar da ɗaki biyu kafin damina. Cikin watan Agusta aka yi ruwa tun hantsi har la'asar. Ruwan tudu ya biyo hanyarsa ta kullum, ya tarar da gida. Malam Isuhu yana ƙodago a gonar wani. Matarsa ta fita da yara biyu, ta koma ɗauko ta uku, Hadiza, 'yar shekara huɗu, sai bango ya riga ta, ya rufta kan yarinyar.

Da aka zo bincike aka buɗe taswira, ba a sha wahalar gano ni ba. Alƙali ya ba ni shekara biyar. A gidan yari duk ranar da hadari ya haɗo, 'yan ɗakinmu na murnar sanyi, ni kuwa sai in koma lungu in toshe kunnuwana.

Da na fito na tarar an gina magudanar, bayan an yi rashi. Na nemi Malam Isuhu har na same shi yana faskare a bakin tasha. Na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya ajiye gatarinsa ya ce:

"Shanuna da guminmu na yafe maka, duniya da lahira. Na Hadiza kuwa ba nawa ba ne. Sai ka jira ku haɗu."

Samari, musamman ku da aka damƙa wa amanar awo ko hatimi, in kun ga fili kwance babu gini, ba marar mai shi ba ne, akwai abin da aka bar shi dominsa. In hukuma ta yi jinkiri, ku dame ta da magana, kada ku cinye wurin. Kada ku matsa turke ko da taku ɗaya ne. Na tuba, ina dako yanzu ina cin halal, amma akwai yarinyar da ke jirana, kuma ban san abin da zan ce mata ba.