Allon da Ya Hana Yaya Habu Juya Baya

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Habu, malamin firamare a wani ƙauye na Sule Tankarkar. Allah ya jiƙansa. Ciwon asma ne ya ɗauke shi. Tun kafin nan likita ya ce masa ko ya bar alli ko ya bar aji, shi kuwa ban da aji bai san komai ba.

Ni makaranta ba ta riƙe ni ba. Daga aji biyu na sakandare na koma gyaran waya a Gumel. A waya na ga ana haɗa allo da rimot ɗin wasan bidiyo, mai 'yar kyamara a baki. Na samo ɗaya a gwanjon kasuwar Maigatari. Na ciro ƙwan fitilar bakin rimot ɗin talabijin, na cusa a bututun tsohuwar makar rubutu tare da batiri, ya zama alƙalami. Majigi ya haska kwamfuta a bango, ka yi rubutu, kyamarar ta hango hasken, rubutu ya fito. Babu ƙurar alli. Majigin aro ne daga mai gidan kallon ƙwallo, da safe ba ya aiki da shi.

Ranar farko da na kafa wa Yaya shi a ajinsa, abin ya ƙi. In ni na rubuta ya fito, in shi ne shiru. Na kwance, na mayar, na canja batiri. Ashe babbar rigarsa ce. Yana juya wa yara baya yadda ya saba, rigar sai ta tare hasken.

Na ce ya tuɓe ta. Ya harare ni.

"Sale, malami a gaban ɗalibai da 'yar shara? Ni dai in matsa."

Ya koma tsayuwa a gefe, rabin fuskarsa na wajen yara. Bayan kwanaki ya ce mini sai yanzu yake ganin yaron da bai gane ba tun bai gama rubutun ba. Shekara biyu ya ƙara a aji a haka.

Yau akwai allon da yatsa kawai ake taɓa shi. Da Yaya ya gani, na san ba zai yi mamaki ba. Tambaya zai yi, malamin ina yake kallo?

Rimot ɗin mai kyamara ya mutu tuntuni, majigi ya koma wajen mai shi. Watan jiya na je ƙauyen, na leƙa tagar ajinsa. Hadiza ce a ciki, ɗalibarsa ta da, yanzu malama. Da alli take rubutu a baƙin allo, babu wani haske da za ta tare. Amma a gefe take tsaye, idonta na kan yara.