Minti Ɗaya na Zuciyar Baba

Lokacin da na fara koyar da rubuta manhajar kwamfuta a wata makarantar fasaha a Garwa, na'urar auna bugun zuciya guda ɗaya tal muke da ita, 'yar mitsitsiya da ake maƙala wa yatsa. Ɗalibai kuwa aji ya cika maƙil. Sai na yi dabara. Na kwashi na'urar da kwamfutata zuwa kasuwa, na maƙala wa Baba a rumfarsa ta nama, na naɗi bugun zuciyarsa na minti ɗaya.

"To, likitan ƙarfe, me ta ce?" in ji shi, yana goge wuƙa.

"Ta ce lafiyarka ƙalau." Ni da ban san komai a likitanci ba.

Da wannan minti ɗayan na yi ta koyarwa. Kowane ɗalibi zai rubuta manhajar da za ta ƙirga bugun. Akwai wurare uku da layin bugun a fuskar kwamfuta ke ɗan tsayawa, sannan ya yi tsalle. Na ce musu motsin yatsa ne, mahauci ba ya zama wuri ɗaya, su sa manhaja ta share. Wanda bai share ba in rage masa maki, in haɗa masa da faɗa.

Wata safiya Baba ya yanke jiki ya faɗi a mayanka, bai tashi ba. Ƙannena suka watse, wani Banyo, wani Duwala, gida ya rage ni kaɗai. Ban sauya darasin ba, don a nan kawai nake haɗuwa da Baba.

Bayan shekara biyu, wata ɗaliba 'yar Yagwa da ta taɓa aikin jinya ta kawo aikinta ba ta share ba. Har na ɗaga jan biro.

"Pardon, Malam, wannan ba motsi ba ne fa. In motsi ne layin yamutsewa zai yi. Nan zuciyar ce ke tsallake bugu. Mai yatsan nan ya ga likita kuwa?"

Na ce mata ya rasu. Ban ce ubana ne ba.

Da aka fita cin abincin rana na kulle ɗakin, na buɗe layin. Wuraren uku suna nan. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, ga shi babu wanda zan gaya wa. Sau uku zuciyar Baba ta yi mini magana, ni kuwa na yi ta koya wa aji bayan aji yadda za su rufe mata baki.