Yumɓun da Na Aiki Yara Su Ɗebo

Na daɗe ina koyarwa a firamare, abubuwa da yawa sun wuce ta kaina, wasu ma sai an tuna mini nake tunawa. Amma akwai wata safiyar Laraba da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Ko yanzu da nake rubuta wannan, sai da na ajiye alƙalami na yi istigfari tukuna.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai. Duk wanda ya yi karatun ya san ba a ba mutum takardar shaida sai an tura shi wata firamare ya koyar na 'yan watanni, malaman kwaleji su zo su zauna a bayan aji su ga yadda yake yi. Idan ka faɗi wannan, duk jarrabawar da ka ci a takarda ta tashi a banza, sai ka sake shekara. Ni kuwa mahaifina ya riga ya gaya wa duk unguwarmu a Bebeji cewa bana ɗansa zai gama ya zama malami. Wannan maganar ce take bi na duk inda na sa ƙafa.

Aka tura ni tare da wani abokin karatuna, mutumin Kiru, wata makarantar ƙauye can gaba da Burumburum. Ni aka ba ni aji uku. Ƙarshen damina ne, kowa yana gona, yaro ya zo yau, gobe an tafi da shi cirar gyaɗa ko kiwo. Yaran da suke zama a gaba suna ganewa daidai gwargwado. Na baya kuwa, idan na yi tambaya sai su zuba mini ido kamar da wani yare na yi magana. Gaskiyar da ban faɗa wa kaina ba a lokacin ita ce, tun makon farko na daina duban bayan ajin. Na gaba nake koyarwa, na baya suna zaune ne kawai.

Da labari ya zo cewa an fara zagayen duba ɗalibai, kuma malamar da ta koya mana dabarun koyarwa ce za ta zo yankinmu, sai na duƙufa kan littattafaina ba dare ba rana. Dattijuwa ce, ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, amma ba ta san alfarma ba. Abokina ya same ni a ƙarƙashin darbejiyar makaranta ina ta juya littafi.

Ya ce, "Wai kai da waɗancan na bayan za ka tari Malama?"

Na ce, "To da su wa zan tare ta? Su aka ba ni."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Mutumin Bebeji ke nan. Ai aro ake yi, malam. Ka je aji biyar ka zaɓo masu ƙwaƙwalwa, ka zaunar da su a baya, naka kuma ka nema musu aike. Kayan makaranta iri ɗaya ne, ita kuwa ba ta san fuskar kowa ba. Waɗanda suka riga mu haka suka yi, ga su can suna karɓar albashi."

Da zan ce na yi gardama da na yi ƙarya. Abin da ya dame ni kawai shi ne ko malamin aji biyar zai yarda. Da na je masa da maganar ko mamaki bai yi ba. Cewa ya yi, "Ka dai zaɓi masu ƙaramin jiki, kada ka ɗauko wanda gemu ya fara fito masa." Muka yi dariya, na zaɓi yaran da zan ara, muka yi ta bitar darasin rabawa da murafan kwalba har suka haddace shi kamar karatun allo.

Ranar Laraba da safe wani ɗan ajinmu na kwaleji da aka tura Tudun Wada ya kira ni a waya, ya ce Malama ta gama da su, ta hau babur, mu ne na gaba. Nan take na shiga aji na kira 'yan baya ɗaya bayan ɗaya, da yatsa, domin ko sunayen wasunsu ban riƙe ba. Na ce musu yau za mu yi babbar baƙuwa, kuma ina da aiki na musamman da ba kowa zan ba ba. Su je bakin rafi su ɗebo mini yumɓu mai kyau, za mu yi darasi da shi. Kada su yi sauri, su zaɓi mai laushi.

Akwai wata yarinya a cikinsu, doguwa, mai hijabin da ya yi mata gajarta. Tun da na zo makarantar ban taɓa jin muryarta ba. Ranar ta ɗago kai ta ce, "Malam, har da ni?"

Na ce, "Har da ke. Ke ce ma shugabarsu."

Na ga yadda fuskarta ta washe. Suka ari kwanuka a gidan hedimasta suka fita da gudu, sauran 'yan ajin suna bin su da kallon sha'awa. Suna ɓacewa na shigo da 'yan aji biyar na cike gurabensu.

Malama ta daɗe ba ta iso ba. Da ta shigo na lura bakin zanenta a jiƙe yake, takalmanta duk taɓo, amma hankalina bai kai ko'ina ba. Na gaishe ta, yara suka miƙe suka gaishe ta, ta wuce baya ta zauna. Na fara darasi. Ban taɓa koyarwa mai daɗi irin ta ranar ba. Ina jefa tambaya hannuwa suna tashi, musamman daga baya. Na raba murafan kwalba, yara suka kasa su kashi-kashi, ba wanda ya yi kuskure. Ina ta satar kallonta in ga ko tana rubutu, sai na ga alƙalamin yana hannunta ko buɗe shi ba ta yi ba. Na ce a raina ta rasa abin gyarawa ne.

Da na gama ta miƙe a hankali ta ce, "Malam, ajinka ya cika yau?"

Na ce, "Ya cika, ranki ya daɗe."

"Babu wanda ba ya nan?"

"Babu, ranki ya daɗe."

Ta taka zuwa bakin ƙofa, ta leƙa waje ta ce, "Ku shigo, 'ya'yana."

Sai ga su sun shigo a jere, kowa da kwanon yumɓu a ka, ƙafafu da riguna duk laka, doguwar yarinyar tana gaba. Allin da ke hannuna ya faɗi, na kasa sunkuyawa in ɗauka. Ashe ruwan da aka yi da asuba ya cika rafin, mai babur ya ce ba zai tsallaka ba, ya sauke Malama a can. Ta tuɓe takalmi ta shiga ruwa, su kuma suna tsallaken suna haƙa. Su suka riƙe mata hannu, su suka ɗauko mata jaka, su suka nuna mata hanya. A hanyar ta tambaye su me ya fito da su lokacin karatu, suka ba ta labari da murnarsu. Da suka iso ta ce su jira a waje, bayan ginin ajin, har ta kira su.

Yarinyar ta sauke kwanonta a gabana ta ce, "Malam, ga shi, mai laushin muka zaɓo." Daga nan ta juya ta nufi bencinta, sai ta tarar da wani a kai. Ta tsaya. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Malam, nan wurina ne."

Kafin in buɗe baki yaron da ke zaune, ɗan aji biyar, ya ce, "Ke ba ki gane ba? Don ba ku iya komai ba aka kore ku, aka kawo mu."

Yarinyar ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dubi hannayenta da suka yi kaca-kaca da laka, ta goge su a jikin hijabinta, ta fita. Sauran suka tsaya da kwanuka a ka, ba wanda ya ce su sauke.

Malama ta sallami 'yan aji biyar, ta zaunar da nawa a wurarensu, sannan ta kira ni waje. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ɗana, ni an aiko ni in ga yadda kake koyar da aji uku, kuma ban gani ba. Abin da zan rubuta ke nan. Waɗanda ka zaunar mini ai sun riga sun iya, ko gunki aka tsayar a gabansu za su amsa. Waɗanda ka tura rafi, saboda su aka buɗe kwalejin da kake zuwa." Ta gyara mayafinta ta ƙara da cewa, "Haƙurin kuma ba ni za ka ba ba."

Na faɗi, kuma na sake shekara. Yadda na gaya wa mahaifina wani labari ne daban. Abokina da ya ga abin da ya same ni, kafin ta ƙarasa ajinsa ya mayar da yaran da ya aro, ya koyar da nasa yadda ya iya, ya haye da ƙyar.

Yarinyar ba ta dawo makaranta ba har ƙarshen makon. Ranar Asabar na nemi gidansu, na sami mahaifinta a ƙofar gida yana tsinkar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa ya ce, "Ni dai abin da ta gaya mini, an ba wani wurinta. Na ce to ta zauna ta taya uwarta aiki." Na ce, "Baba, wurinta yana nan, ni ne na yi ƙarya." Ya kira ta, ta fito ta tsaya a bakin zaure. Na roƙe ta gafara a gaban mahaifinta. Ba ta dube ni ba, tambaya ɗaya ta yi: "Yumɓun fa, zubarwa aka yi?"

Ba a zubar ba, yana nan a lungun aji na rufe shi da buhu, don na rasa yadda zan yi da shi. Ranar Litinin ta zo. Muka jiƙa yumɓun, kowa ya mulmula ƙananan ƙwallaye, muka shanya a taga, da su muka sake darasin rabawa daga farko. Mun daɗe a kansa kafin su fara kamawa, kuma ba duka suka kama ba. Amma kafin in bar makarantar na san sunan kowa a bayan ajin.

Abin da na koya shi ne, yaron da malami yake jin kunyar a gani a ajinsa, shi ne ainihin aikin da aka ba shi. Yanzu idan aka turo mini ɗaliban kwaleji koyon koyarwa, tun ranar farko nake kai su bayan aji in ce su fara daga nan. Yarinyar ta ce ta yafe mini, amma har na tafi ba ta sake yi mini irin murmushin da ta yi ranar da na ce ita ce shugabarsu ba. Allah Ya yafe mana abin da muka yi wa 'ya'yan mutane.