Catherine da Saƙon Mai Kitso

Kafin rana ta yi zafi Anti Catherine ta bar unguwar Gudu. Motar haya take shiga zuwa Utako, jakar kwamfuta rungume a ƙirji, ta hau benen wani ofis da ke saman shagunan taya kusa da tasha. Ba ta gama gaisawa da kowa sai ta duba abu guda: saƙonnin da aka tura jiya, wanne ya isa, wanne ya maƙale a hanya. Abokan aikinta sun ce shayinta a kan tebur yake hucewa. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa taga, ta dawo ta goge abin da ta rubuta. Haka take tun da aka san ta a wurin.

Aikinta rubuta manhaja, wato rubutun da ake yi wa kwamfuta don ta san abin da za ta yi. Su suna ce masa kod. Ni ba na iya karanta shi. Shara nake yi a ƙaramin asibitin wata ƙungiya a Orozo, ran awo kuma ni ke kiran mata su shiga layi. A nan na san ta, domin duk Talata sai ta zo ta ga yadda abin da ta rubuta yake aiki a hannun mutane. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma Kagoro wurin mahaifiyarta da ta tsufa. Tun da na ji, hankalina bai kwanta ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni da ban taɓa iya yi mata doguwar magana ba.

A shekarun da Abuja ke ta gine-gine, kowa na cewa komai zai koma waya, ƙungiyarmu ta kawo tsarin tura wa masu ciki saƙo. Mace ta ba da lamba, idan ranar awonta ta kusa sai saƙo ya shigo: cikinki ya kai wata kaza, ki zo awo ranar Talata. Catherine da abokin aikinta Thaddeus ne suka rubuta shi. Sun kulle bayanan mata da makulli kan makulli, har baƙi daga waje suka zo suka yaba.

Abu ɗaya ne bai zo musu a rai ba. Su a ofis kowa da wayarsa, wani ma biyu. A unguwarmu waya ɗaya tana yi wa gida uku aiki.

Yayata tana cikin waɗanda suka fara ba da lamba. Mijinta birkila ne, yana kwana a wurin gini a cikin gari da wayarsa, don haka ta ba da lambar Malam Saleh mai shago. Ta taɓa yin ɓari, an yi ta magana a kanta, saboda haka wannan cikin ko surukarta ba ta sani ba. Mu dama ba ma faɗar ƙaramin ciki. Sai ya fito da kansa.

Wata la'asar ta je sayen magi, maza na zaune a benci. Malam Saleh ya ɗaga waya yana dariya. Ba da mugunta ba, a ganinsa albishir ne.

“Amarya, ashe an samu ƙaruwa shi ne ake ɓoye mana? Ga shi nan asibiti sun faɗa, wata uku!”

Ta bar magin a kan kanta ta dawo gida. Daga ranar ba ta ƙara taka asibiti ba. Ba ita kaɗai ba, bencin awo ya yi ta raguwa. Ƙafafunta suka fara kumbura, kanta na sara, ina ce mata mu je, tana ce min gara ta mutu a ɗaki da a sake karanta ta a shago.

Sista Lucia, ungozomarmu, ita ta gaya wa Catherine abin da ya faru a shago. Ba ta faɗi suna ba, cewa ta yi wata. Ranar sun zo su uku, Catherine da Thaddeus da ogansu Nazeer. Ina goge taga suka fara, kuma ba su rage murya ba.

Thaddeus ya ce, “Ni ban ga kuskure a kod ba. Saƙo ya tafi lambar da aka ba mu. Babu wanda ya fasa mana kwamfuta. Abin da ya faru a shago ba namu ba ne.”

Catherine ta ce, “To me muke kullewa, Thaddeus? Mun kulle ƙofa mun miƙa kayan ta taga.”

Oga Nazeer ya ce, “Madam, masu tallafa mana suna so su ga kalmar awo a saƙon. A koya wa matan su ba da lambarsu.”

“Wace lamba, Oga? Ka leƙa waje ka nuna min mai waya.”

Ya leƙa.

Ta ce a bar kowace mace ta zaɓi maganar da za a aika mata, wadda ita kaɗai ta san ma'anarta. Thaddeus ya riƙe kai. Ya ce kod ɗin zai zama kasuwar Utako, kowa da rumfarsa, wa zai iya gyara shi bayan su? Ta ce ya yi gaskiya, zai yi wuya, ita za ta share kasuwar. Oga ya ce a bari sai bayan taron baƙi na wata mai zuwa.

Ba ta bari ba. A nan kan bencin awo ta buɗe kwamfuta ta tsayar da saƙonnin gaba ɗaya, a gabansa. Ya ce, “Kin san abin da kika yi?” Ta ce, “Na sani, Oga. In za a kore ni, a kore ni bayan na gyara.”

Ke ce kika yi wannan, Anti. Ke ce kuma ba ki tsaya nan ba, domin kin san tsayar da saƙo ma haɗari ne, mace za ta iya manta ranarta. Kafin gyaran ya kammala, ke da Sista Lucia kuka bi gida-gida da ƙafa, kina sallama da Hausarki ta Kagoro, yara na bin ki suna kwaikwayo, kina juyowa kina ce musu, “Ku ma ku zo awo!” Thaddeus ya faɗa da bakinsa cewa kin sake rubuta wurin har ya gaji da dubawa, duk inda ya nuna miki datti sai kin gyara, har ya ce ya fi na farko tsabta. Catherine 'yar Kagoro, mai rufa asirin da ba a ba ta ajiya ba.

Mata suka zaɓa. Wata ta ce ɗinki, wata niƙa, wata ta ce a ce mata islamiyya. Yayata, bayan Sista Lucia ta sha zama da ita, ta zaɓi kitso. Sai Malam Saleh ya riƙa aiko mata, “Mai kitso ta ce ki je Talata.” Wata rana har ya ce, “Wai wannan kan naki ba ya hutawa ne?” Ta ce, “Gashin ne da yawa, Malam.”

A komawarta ta farko aka auna jininta, ya hau sosai. Sista Lucia ta ce da an ƙara jinkiri, jijjiga ce za ta kama ta. Aka ɗora ta a kan magani, aka tura ta babban asibiti ta haihu. Ita da 'yar suna nan lafiya.

Yanzu ga shi za ki tafi. Na ji an ɗauko sababbin matasa, suna gina wata manhaja mai hoton jariri da murya da ke magana da kanta. Na ga sun nuna wa Oga, ta yi kyau ƙwarai. Amma ni da na ji muryar, shagon Malam Saleh na tuna. Ina shara ina tunani, ina cin abinci ina tunani. Wa zai tsaya ya ce a'a?

Ku da za ku hau kujerarta, ban san aikinku ba, ba zan koya muku ba. Roƙo nake yi. Kafin ku ce abu ya tsaru, ku shigo mota ku zo Orozo ran Talata, ku zauna a benci, ku tambayi mace a hannun wa saƙonta zai sauka. In kun ga abin da zai tona wani, ku tsayar, ko da Oga na tsaye a kanku.

Anti Catherine, mun gode. Allah ya ba Mama lafiya, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mana. Sista Lucia ta ce kin tsara abin ta yadda ko ke lambobi kawai kike gani, ba sunaye ba, don haka har yau ba ki san wace ce matar nan ta shago ba. Kin sha wuce ta a layi. Jiya na karanta mata wannan rubutu, na tambaye ta ko in bar ta a yayata kawai. Tana shayar da yarinya ta ce, “Ita kam ki faɗa mata.”

Sunanta Lantana.