Shirun da Aka Sayo wa Ɗana a Kasuwa

A wancan lokacin ni direban motar siminti ne a Malbaza, kwanana a hanya ya fi kwanana a gida. Ɗana na fari kuwa tun yana rarrafe ba ya zama wuri ɗaya. A aike shi sayen gishiri, sai a tsince shi bakin gareji yana ƙera mota da waya. A lakwal, wato makarantar boko, malaminsa ya gaji da korarsa waje, ya ce kansa na ja, amma kamar da ƙaya a bencinsa. Da mahaifiyarsa ta rasu, yayana ya ɗauke shi riƙo zuwa Illela, ya ce shi ya san maganin ƙiriniya.

Ashe da gaske magani yake nufi. Da na je bayan damina, na tarar da yaron jingine da bango, yawu na zuba a rigarsa, ƙudaje na bin bakinsa bai ko kore su ba. Mutanen gida kuwa sai barka suke mini, wai ya yi hankali. Matar yayana ce ta nuna mini ƙwayar, irin ta masu talla ranar kasuwa, ba kwali ba suna. A fura suke dama masa ita. Na tambayi yayana ko ya san mece ce, ya yi murmushi ya ce, "Mi kaka so kuma? Ga shi ya natsu." Har yau ban manta murmushin nan ba.

Ranar na ɗauke abina. Likita a Konni ya raba shi da ƙwayar a hankali, ya tura mu wajen mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Shi ya ce ba iskoki ba ne, ba rashin tarbiyya ba, lalura ce ta kasa tsayar da hankali wuri guda. Ni aka fi zaunarwa ana koya wa: umarni ɗaya a lokaci guda, aiki gajere, yabo nan take, a roƙi malami ya maido shi bencin gaba. Magani in ya zama dole, likita ne zai rubuta.

Iyaye, in yaro mai ƙiriniya ya yi tsit dare ɗaya, kada ku yi murna, ku tambayi abin da aka ba shi. Nawa ya dawo da surutunsa, na gode Allah. Amma rannan na kawo masa waya don ya ƙera mini mota, ya juya ta, ya juya ta, ya miƙo mini ya ce ya manta yadda ake yi.