"Da Sauƙi" a Bakin Yashi

Cikin ranakun aikina akwai wadda ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da na juyo da mutane cikin bas guda daga bakin wani yashi saboda kalma biyu da wata dattijuwa ta faɗa.

Lokacin ina sashen lafiyar al'umma na kansil, wato hukumar birni, a Manchester, a matsayin jagoran tattaki kuma tafinta. Likitocin unguwa kan turo mana masu ciwon suga da hawan jini, mu riƙa fita da su suna taka ƙafa a wani lambu kusa da Withington. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, ana ta rufe ɗakunan karatu da cibiyoyin matasa, kowane sashe na jiran a zo kansa. Da lokacin fita yawon da muke yi duk shekara ya zo aka ce sai dai mu haɗa mota da wata ƙungiya irin tamu ta Birmingham. Haka muka tafi wani ƙaramin tsibiri a yammacin Sikotland, inda jirgin ruwa ke zuwa sau ɗaya a rana.

A ƙasar nan ana kasa hanyoyin tattaki uku: mai sauƙi, matsakaiciya, da mai wuya. Tamu mai sauƙi ce. Babu hawa, an shimfiɗa katako inda ƙasa ke da laka, ga benci nan da can. Takan bi bakin teku, ta ratsa wani faffaɗan yashi, ta shiga gandun tsuntsaye. Sai dai teku yakan janye ya bar yashin da hantsi, ya dawo ya rufe shi bayan azahar. Duk wanda ya tsallaka sai yamma zai dawo, kuma mota ba ta kaiwa can. Ƙa'idar aikinmu ita ce nas tana gaba, jagora yana baya, kuma ba a raba ayari gida biyu.

Nas ɗinmu wata Baturiya ce, Fiona, mai son koyon Hausa. A mota na koya mata cewa hanyarmu "mai sauƙi" ce, ta yi ta maimaitawa. Cikin mutanen Birmingham kuwa akwai Hajiya Rabi, Bakanuwa, tana zaune a Perry Barr wurin ɗanta tana rainon jikoki. Tun da ta ji ni Bazazzagi ne ta sa ni a gaba.

"Ashe da bawana aka haɗa ni. Zo ɗauki jakar nan."

"Hajiya, Bakano ai ko a teku kasuwa yake nema. Me kika kawo sayarwa?"

Haka muka yi har tsibirin. Amma ran tattakin da safe ba ta tsokane ni ba. Tana can ƙarshen layi cikin lafaya da takalmin gudu na jikarta, tana tsayawa kamar mai kallon ruwa. Da muka iso bakin yashin Fiona ta dawo baya tana duba mutane, ta ce mata da Hausarta, "Sannu Hajiya, ya gajiya?"

Hajiya ta ce, "Da sauƙi."

Fiona ta juyo da murna ta ce mini, "Ka ji, ta ce hanyar ba wuya."

Na zauna a Jidda, na yi aiki a Khartum da Yamai, na taɓa shekara biyu a Marseille. Kowace al'umma da yadda take rufe ciwonta. Balarabe zai gode wa Allah ya yi shiru, Bature zai ce maka ba laifi alhali yana riƙe da bango. Bahaushe nasa daban ne, domin kowace gaisuwa da amsarta. Amsar "ya gajiya" ita ce "ba gajiya." "Da sauƙi" amsar "ya jiki" ce, kuma mai lafiya ba ya faɗinta. Ba wanda ya tambayi Hajiya jiki. Bakinta ne ya amsa tambayar da ke ranta.

Da na ce mata ko ba ta da lafiya, na san cewa za ta yi lafiyarta ƙalau. Sai na gaishe ta yadda ake gaida majinyaci.

"Sannu Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi. Tun yaushe ya fara?"

"Wa ya ce maka wani abu ya fara?"

"Ke kika faɗa."

Ta harare ni, ta rage murya. "Ɗan nauyi ne a ƙirji tun asuba. Iska ce, waken nan nasu na gwangwani. Kada ka tara mini mutane, Malam Lawal. An ce wannan ce fitar ƙarshe, ba ni zan ɓata wa jama'a ba."

"Yana taɓa hannu?"

Ta ce, "Na hagu. Da muƙamuƙi."

Na faɗa wa Fiona kalma da kalma. Ba ta ɓata lokaci ba, ta zaunar da ita a benci, ta kama hannunta, ta ba ta asfirin ta ce ta tauna, ta kira jami'in gandun a waya. Ni kuma na daka wa na gaba kira, waɗanda har sun fara taka yashin, na ce kowa ya dawo.

Wani injiniya cikin mutanenmu ya taso yana faɗa. "Haba Malam, tun daga Manchester muka zo. Ku zauna da ita mana, mu mu ƙarasa."

Na ce, "Injiniya, in ka faɗi a can wa zai ɗauko ka? Nas ɗaya gare mu, kuma tana nan."

Jami'in ya iso da motarsa har bakin katakon, domin nan ne iyakar inda mota ke zuwa. Kafin la'asar jirgi mai saukar ungulu ya kai Hajiya asibiti a Glasgow. Daga baya muka ji jijiyar zuciya ce ta toshe, aka buɗe ta. Mu kuwa muna tsaye muna kallo teku ya rufe yashin.

Da muka dawo shugabar sashe ta kira ni ofis. Ta ce fitar nan ita ce hujjarta ta neman kada a rufe sashen, ga shi ba a ko kai gandun ba, yaya za ta bayyana cewa an fasa saboda gaisuwa? Na ce ta bayyana shi haka, domin haka aka yi, kuma gobe ma haka zan yi. Ta yi dariya ta ce shi ke nan. An rufe sashen daga baya, kamar sauran.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, yawancinku ta waya kuke tafinta, daga ɗaki, ba ku ganin fuskar mai magana. Da ɗayanku aka kira ranar nan, da ya fassara "da sauƙi" daidai, ba wanda zai ce ya yi kuskure, kuma da Hajiya ta tsallaka. Mutanenmu ba sa cewa suna ciwo, musamman in suna ganin za su zame wa wasu nauyi. Saboda haka ku riƙa gaishe su da kanku, ku saurara ko amsar ta dace da gaisuwar. In ba ta dace ba, kada ku wuce.

Hajiya Rabi tana nan da ranta, ta aurar da jikarta bara. Da na je bikin ta nuna ni ga ƙawayenta ta ce, "Ga Bazazzagin da ya hana ni mutuwa cikin rufin asiri."