Tabarmar Suruki

Har yau in na ji warin maganin da ake zuba wa ruwan sha, sai in tuna daminar da amai da gudawa ya ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira da ke bayan Gusau. Tsohuwar makaranta ce, cike da mutanen ƙauyukan Tsafe da 'yan bindiga suka koro. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kullum daga Bungudu nake zuwa, kuma a lokacin gani nake babu abin da ban sani ba.

Ni na nuna inda za a haƙa banɗakunan mata. An koya mana a bita kada a kai su lungu, inda ɓata-gari za su tare mace. Sai na zaɓi fili, dab da dalbejiyar da dattawa ke shimfiɗa tabarma su wuni. Na ce a raina ga masu gadi nan an samu a sauƙaƙe.

Kwana da kwanaki ba mai shiga. Mata sai su ɗauki buta su bi ta inda katanga ta rushe, su shige gonar dawa. Na yi faɗa har muryata ta dishe, na kira su masu taurin kai. Allah ya yafe mini.

Akwai wata Bafulatana mai tsohon ciki da nake ji da ita. Ita ke mini kitso da la'asar, tana tsokanata wai gashina bai kai gemun akuya ba. Ina kewar hirar nan ƙwarai. Wata rana da hantsi ta dawo a guje, ba mayafi, ba buta. Wani ƙato ne ya bi ta cikin dawa, ya cafki mayafin, ta sakar masa. Allah ya tsare, amma na san gobe ma can za ta koma.

Tsoro ya sa na hau ta da faɗa. Wata tsohuwar ungozoma daga 'Yankuzo, wadda kowa ke ce wa Inna, ta ja ni gefe.

"Ke ɗiyata, karatu ya yi maki yawa," in ji ta. "Dogon tsohon can mai sanda, surukinta na. Mi kike so? Ta ɗauki buta ta ratsa gaban uban mijinta? Gara mata dajin."

Kunya ta rufe ni. Ni ma ko gyaɗa ban taɓa ci a gaban surukina ba, amma da na sa farar riga sai na manta.

Inna ta je gindin dalbejiya ta durƙusa ta gaida dattawan. Ta faɗi abin da ya faru a gona, ba ta ambaci banɗaki ba. Ta dubi surukin ta ce, "Malam, inuwag ga ta kusa ci maka jika."

Tsohon ya miƙe. Ya naɗe tabarmarsa, ya kai ta bakin rusasshiyar katangar nan, inda ko ganye babu. Ya zauna yana fuskantar gonar, ya ba banɗakunan baya, sanda a kan gwiwa. Sauran dattawan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar mata suka daina shiga dawa.

Can ya riƙa wuni cikin rana har cutar ta lafa, har Bafulatanar ta haifi 'yarta lafiya. Ba ta taɓa yi masa godiya ba, don ba ta magana da shi. Kullum da azahar dai takan ajiye kofin tafasasshen ruwa a bayansa ta juya. Shi kuma sai ya daina jin takunta yake miƙa hannu ya ɗauka.